Ƙafar Yaya Isiyaku

Cuta ta farko a Yamai aka yi mana ita. Wani ɗan kamasho mai fara'a, wanda ya rantse kakarsa Bakanuwa ce, ya sayar mana da wurin zama a motar Wagadugu. Motar tana da kujeru, tana da tayoyi, har da carbi a rataye a madubi. Inji ne kawai babu, yana wajen makanike tun bara. Muka wuni a ciki muna jiran ta cika. Da la'asar ta yi sanyi na ce mu kai ƙara, yayana Isiyaku ya saɓa buhunsa ya ce, "Ticha, a ƙasar mutane ba gaskiya ake nema ba, hanya ake nema. Taso."

Ticha yake ce mini, rabi girmamawa rabi tsiya. Sunana Haladu. Na yi koyarwa a firamare a Ƙaraye har zuwa ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin, lokacin da albashi ya koma hadarin bazara, a gan shi ba a ga ruwa ba. Shi kuwa Yaya Isiyaku bai san ƙofar aji ba, shanu ya sani. Mu mutanen Gwangwan ne ta ƙasar Rogo. Babanmu manomi ne, Allah ya ji ƙansa, mahaifiyarmu Inna kuma Bafulatanar garin Fulatan ce. Shi ne ɗan farinta, ni ne auta. Ya riga ya yi rani biyu a Abijan yana aiki a kara, kasuwar shanu, da ya zo ganin gida ya tarar da ni a ƙofar gida ina gardamar siyasa ba ko sisi, sai ya ce in bi shi.

Daga Wagadugu muka hau jirgin ƙasa. Ban taɓa zama a wuri ɗaya da mutane masu yawa haka ba tare da na gane ko kalma ɗaya ba. Guzurinmu ya ƙare tun a hanya. Wata tsohuwa da ke gabana ta ga ina yi wa dafaffiyar doyarta kallon da bai dace da malamin makaranta ba, ta gutsuro ta miƙo mini, ta gutsuro ta miƙa wa Yaya. Na yi mata godiya da Hausa, na ƙara da Turanci, ta amsa da dariya. Ta taga ina kallo kuka da gawo suka ɓace, daji ya yi duhu, ruwa ya kama zuba ba wanda ya yi addu'ar roƙonsa. A nan kewar gida ta fara kama ni, kuma ba ta sake ni ba sai da na dawo.

A Abijan muka sauka a zango, ɗaki ɗaya mu da yawa, in wani zai juya sai ya sanar da na kusa da shi. Mutumin Rogo ne ni, amma sai a can na san ana iya rayuwa a kan garin rogo safe da yamma. Na sami aikin fifita wuta a tukubar wani mai tsire ɗan Maraɗi. Yaya kuwa kullum yana kara, yana sauke shanun da ake kawowa daga arewa. Idan ya yi musu magana da Fulatanci sai su lafa, har mahauta suna cewa asiri gare shi.

Wata rana asirin ya ƙi ci. Ana sauke wani bijimi daga tirela ya firgita, ya matse ƙafar Yaya ta hagu a jikin ƙarfe, ƙaurin ya karye har ƙashi ya fito waje. Mutanen kara ba su nufi asibiti da shi ba, wajen maɗorin zango suka kai shi, don haka ake yi. Da na iso na tarar an ja, an yi tofi, an ɗaure da karare tamau. Ni ma ban ga laifin hakan ba, don a gabana aka ɗora hannun babanmu a Gwangwan ya warke sumul. Sai dai wannan karaya ce mai buɗaɗɗen rauni, kuma ƙasar mai laima ce. Bayan 'yan kwanaki abokan ɗakinmu suka fara kwana a waje ba tare da sun faɗi dalili ba. Da aka kwance ɗaurin na ga yatsun sun yi baƙi, muka ɗauke shi sai asibiti.

Likitan gajere ne mai tabarau, Faransanci kaɗai yake ji. Allah ya haɗa mu da wata nas, Madam Salamatu, wadda aka haifa a zango, ita ta zama tafintarmu. Likitan ya daɗe yana duba ƙafar. Sai ya zaro biro daga aljihu, ya ja layi a ƙasan gwiwa.

Madam ta ce, "Ya ce in yanzu ne, nan za a yanke."

Ya sake jan wani layin a saman gwiwa.

"In aka jira, nan."

Na ce, "In aka ƙara jira fa?"

Madam ba ta ma fassara ba. Likitan ya rufe bironsa ya mayar aljihu.

Yaya Isiyaku ya dubi layukan nan biyu kamar ba a jikinsa suke ba. Ya ce, "Ki ce masa na gode. Amma sai na ji daga gida."

A nan na buɗe aji. Na yi masa bayanin jini, yadda naman da ya mutu yake kashe na kusa da shi, yadda mai gwiwa yake iya sa ƙafar roba har ya hau keke. Na kawo masa misalin dawa da ƙuduji, na ce ba a barin wuta a gefen rumbu don ana jiran mai gida ya dawo daga kasuwa. Ya saurare ni har ƙarshe, don shi mutum ne mai ladabi ko ga ƙaninsa. Ya ce, "Duk na ji, Ticha. Sai na ji daga gida." Likita kuwa ya ce mutum baligi mai hankalinsa ba a yanka shi sai da yardarsa. Abin da zai iya shi ne wanke ciwon kullum da allurai, ko za su rage wa ruɓar gudu.

A lokacin ba waya a Gwangwan, wasiƙa kuma sai an nemo mai karantawa, shi ma ya karanta abin da ya ga dama. Kaset ake yi. Na ari rikodar mai tsirenmu, muka goge wani kaset na waƙa, na zauna na tsara magana daki-daki. Da Yaya ya ce gida, ni Baffa Sule na fahimta, ƙanin babanmu, wanda shi ne babba a gidan. Don haka da shi na yi magana. Na kawo hujja ta ɗaya, ta biyu, ta uku, yadda nake yi wa 'yan aji shida. Muka ba wani direban motar goro mai zuwa Kano, shi kuma zai ba direban Rogo a tasha.

Jiran ya yi tsawo. Da safe in je asibiti, da yamma in je tukuba. Matar mutumin da ke gadon kusa da namu, wadda har yau ban san ƙabilarta ba, ta lura Yaya ba ya iya cin abincin asibiti, ta riƙa damo masa kunu daga gidanta. Baƙin nan kuwa yana hawa a hankali. Kullum likita ya zo sai ya sake bin layinsa na ƙasa da biro, don wankin ciwo yana goge shi.

Makonni suka wuce kafin amsa ta zo. Madam Salamatu ta bar mu muka kunna a gefen gado, murya ƙasa-ƙasa. A zauren Baffa aka ɗauka, na gane da tarin Liman da kukan jakin maƙwabta. Gaisuwa kaɗai ta ci kusan rabin fuska ɗaya ta kaset ɗin. Kowa sai ya tambayi gajiyarmu da sanyi da baƙunta, sai ka ce ba ƙafa ce take ruɓewa ba. Sannan Baffa ya gyara murya.

"Haladu, mun ji bayaninka, boko ya yi rana. To amma ka ji nawa. Kuna ƙasar da ba ku jin bakinsu, ba su san ubanku ba. Likita in ya ga baƙo, abin da ya fi sauƙi shi zai yi. Na biyu, Isiyaku noma ya iya da kiwo. Manomi ba ƙafa, makiyayi ba ƙafa, me aka bar masa? Yana da mata da 'ya'ya. Na uku, maɗorin Ruwan Bago ya ɗora wadda ta fi wannan, da idona na gani. Ku sako shi a mota ku taho gida."

Na lura shi ma ɗaya, biyu, uku ya yi, kuma ba zan ce duk maganarsa shirme ce ba. Wani ɗan'uwanmu mai yin allura a Ƙaraye ya fara cewa karaya daban ruɓa daban, a bi maganar likita, aka yi masa caa har ya yi shiru. Daga nan aka kai rikodar cikin gida. Gwaggo Ladi, yayar babanmu, ita ta karɓa. Ita ta yaye Yaya Isiyaku, a ɗakinta ya girma. Ba ta kawo hujja ko ɗaya ba, kuka ta kawo.

"Isiyakuna, kada ka yarda. Ni na goya ƙafar nan, ni na cire mata ƙaya. Za a binne rabinka a ƙasar da ba mai kai maka ziyara, ran tashin ƙiyama ka tashi kana neman ƙafa a Abijan? Haladu, in ka sa hannu aka yanka mini ɗa, ban yafe ba."

Can ƙarshe, bayan matar Yaya ta yi gaisuwa cikin shessheƙa, muka ji ana cewa, "Inna, ga shi, yi magana." Sai muryarta, a daidaice kamar tana aiken gishiri.

"Haladu, ina gaisuwa. Ka riƙa cin abinci. Ka gai da mutanen wurinku."

Kaset ya ƙare. Yaya ya ce in mayar baya kaɗan. Na ɗauka maganar Baffa yake so, ashe ta Inna ce. Ya saurara, ya ce in sake mayarwa.

Ya ce, "Ba ta ce komai ba."

Na ce, "Yaushe ta taɓa cewa?"

Ina faɗa na gane abin da yake nufi da gida tun ranar farko. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Inna ta Fulani ce, mai ƙarfi. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunan Isiyaku a bakinta ba. Na Gwaggo take ce masa, in ta matsu ta ce wancan. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Yana yaro ya faɗa rijiyar bayan gari, mata suka fita da gudu, ita tana tsakar gida tana daka, har aka shigo da shi ba ta ajiye taɓarya ba. An daɗe ana yabonta a kan wannan. Abin da na sani kawai shi ne, kullum akushin da ta fi zuba wa man shanu ɗakin Gwaggo yake tafiya.

Na ce, "Yaya, hanyar nan ka san ta. In muka sa ka a mota ba za ka kai Wagadugu ba."

"Na sani. Ba zan hau mota ba."

"To a yanke."

"Baffa ya yi maganar gona, Gwaggo ta yi maganar kabari, kai kana maganar likita. Duk na ji ku. Ita fa?"

"Ka san ba za ta iya ba."

"To ƙafar nan ita ta haife ta. Ba zan bayar da ita ba da saninta ba."

Haushi ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji a kansa ba. Ga mutum mai 'ya'ya, yana da duk bayanin da ake buƙata, ya yarda da bayanin, amma zai mutu yana jiran maganar da al'ada ta riga ta hana. Na fita baranda na gaya wa Madam Salamatu zan ce masa wani matafiyi ya kawo saƙon baka daga Inna. Ta dube ni ta ce, "Malam, yayanka ba shi da lafiya ne, ba wawa ba ne." Ita ce kuma ta haɗa ni da Hajiya Mariya, wata 'yar kasuwa mai sarin atamfa da ke bin jirgin sama zuwa Kano, dangin mijinta 'yan Ƙaraye ne.

Kaset na biyu bai kai tsawon alwala ba. Ban sa jini a ciki ba, ban sa ɗaya da biyu ba. Na ce, "Inna, Haladu ne. Na Gwaggo zai mutu. Likita yana da magani, shi ne ya ƙi, ya ce sai ya ji daga bakinki. Na san nauyin abin da nake roƙo. Ki yafe mini rashin kunya." Na kashe rikodar, ban taɓa yi wa mahaifiyata magana irin wannan ba. Na roƙi Hajiya kada ta bi ta zaure, kada ta ba namiji, ta shiga ɗakin Inna ta saki labule.

Kafin ta dawo baƙin ya haye layin ƙasa. Likita ya daina bin sa da biro. Zazzaɓi ya riƙa kama Yaya da rana tsaka, yana kiran shanun babanmu da sunayensu, shanun da aka sayar tun muna yara. In ya farfaɗo sai ya tambaya ko Hajiya ta dawo. Na daina yi masa bayani, don ba abin da ya rage wanda bai sani ba.

Hajiya Mariya ta dawo wata ranar Laraba da hantsi, daga filin jirgi ko gida ba ta je ba. Allah ya saka wa matar nan. Ta ce Inna ta saurari kaset ɗin kanta a sunkuye. Can ta tambaya wane wuri ake dannawa, Hajiya ta nuna mata maɓallan nan biyu, sai ta ce mata ta ɗan jira a waje.

Na kunna. Da farko ba komai sai shuu. Kaza ta yi kyarkyara, ana daka a nesa, ga numfashin mutum kusa da rikoda. Abin ya daɗe har na fara zaton ba ta iya ba.

"Isiyaku."

Yaya ya buɗe ido.

"Isiyaku, Innarka ce. Ka bari su yanke. Ba ƙafa nake jira ba, kai nake jira."

Daga nan sai ƙarar lalube. Hajiya ta nuna mata yadda ake kunnawa, ba ta nuna mata yadda ake kashewa ba. Muka ji tana danna nan tana danna can, ta haƙura, sannan muka ji abin da ba wanda ya taɓa ji a Gwangwan, Inna tana kuka. Na kai hannu zan kashe, Yaya ya riƙe mini hannu. Bai saki ba sai da muka ji shigowar Hajiya da ƙarar maɓalli. Ya juya fuskarsa bango ya daɗe. Sannan ya ce, "Ticha, kira likitan."

A layin sama aka yanke. Mutanen kara suka karɓi ƙafar, aka naɗe ta a farin ƙyalle, muka kai maƙabartar Musulmi muka binne. Abin da Gwaggo take tsoro ya faru, ni na zuba ƙasar da hannuna, na koma tukuba da yamma na ci gaba da fifita wuta. Yaya ya yi watanni kafin ya iya tsayuwa da sanduna. Mahauta da 'yan kara suka haɗa mana na mota, muka kamo hanya. A Yamai na hango ɗan kamashon nan yana nuna wa wasu baƙi motarsa, ban da ƙarfin ko yi masa tsawa.

Mun iso Gwangwan ana cirar gyaɗa. Baffa Sule ya dubi ƙafar wandon da aka naɗe aka soke da fil, ya ce Allah ya sa kaffara ce, bai ƙara ba. Gwaggo Ladi ta rungume shi tana kuka, ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata, daga baya ta sauko. Inna ta fito daga ɗaki da ƙwaryar fura. Ta wuce shi yana zaune a kan turmi, ko gefensa ba ta kalla ba, ta dire ƙwaryar a gabana.

"Sannu da hanya, Haladu. Na Gwaggo ya sha ruwa kuwa?"

Har ta koma ga Allah ba ta sake faɗin sunan ba.

Ni na koma aji. Shi ya zama dillalin shanu a kasuwar Rogo, yana zaune a kan benci ana kawo masa, ya duba haƙori ya faɗi kuɗi. Ƙafar roba ba ta zauna masa ba saboda rashin gwiwa, keke kuwa sai dai a goya shi. Wata rana muna zaune na kasa haƙuri, na ce da ya bi maganata ranar farko da yanzu yana da gwiwarsa. Ya ce, "Gaskiya ne, Ticha, maganarka daidai ce. Amma da ban ji sunana a bakin Inna ba." Har yau ina ganin gwiwa ta yi tsada a wannan ciniki.

Kaset ɗin yana cikin akwatinsa, a naɗe a tsohon ɗankwali. Ko matarsa ba ta taɓa jin abin da ke ciki ba. Bayan an yi sadakar arba'in ɗin Inna kewarta ta dame ni, ba mu da hotonta, ba mu da komai mai muryarta sai shi. Na same shi a ɗaki na ce ya ara mini in ji ko sau ɗaya.

Ya girgiza kai ya ce, "Ba da kai take ba. Ranar ma don ba ni da ƙafar da zan tashi in kore ka ne."